Ƙunshi Mai Jan Zare

Ina tsaye a bakin famfo da buta a hannu wayar Yaya ta shigo. Rana ba ta gama fitowa ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Kana kusa da Inna?" Na ce tana ɗaki. Ya ce in fita waje. Sai da na kai ƙofar gida sannan ya faɗa mini Baba ya cika. Ya dawo daga masallaci, ya zauna a kan buzunsa, ya ce kansa na juyawa, shi ke nan.

Ban samu damar kuka ba, don Yaya bai ba ni ba. Ya ce abu biyu yake so. Na farko, in kawo likkafanin Baba kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Na biyu, in kawo Inna, amma kada ta ji komai a hanya. "Ka ce mata jikin ne yat tashi. Sai ta shiga ɗakinta, mata na kewaye da ita, sannan a gaya mata. Ka ji ni ko?"

Na ji shi, kuma na san dalili. Shekarar da ƙanwarta ta rasu, wata mai gaggawar baki ce ta faɗa mata ta waya. Inna ta faɗi nan take, ta yi wata guda hannunta na hagu ba ya ɗaga ludayi. Hawan jinin nan ne ma ya sa take wurina a Tambuwal wata uku ke nan, kusa da asibiti, Baba kuwa yana Kebbe, don shi ba a raba shi da geronsa da damina. Da za ta taho ta sa an ɗauko mata adakarta, saboda ɗakinta na yoyo. A ƙasan adakar akwai ƙunshi biyu na farin yadi da suka tsoma a ruwan zamzam shekarar da suka je Makka tare, suka shanya a can, suka naɗe. Tun muna yara mun san da su, kuma mun san ba a taɓa su.

Matata ce ta ja Inna zuwa wanka, tana yi mata hira kamar ba komai, idonta jawur. Ni kuma na shiga ɗakin kamar ɓarawo, na ɗaga zannuwa da kwalaben turare, na cusa hannu ƙasa, na zaro ƙunshin da hannuna ya fara tararwa. Na ga ya yi kauri, na ce ai Baba dogo ne. Na sa shi a cikin riga na fice.

Saura mota. Tawa tana wurin bakanike sati biyu, an sauke mata inji. Motar haya kuwa ban ko yi tunaninta ba, domin duk motar da za ta tashi daga tasha zuwa Kebbe ba za a rasa wanda ya san mu a ciki ba, kafin a bar gari wani zai juyo ya ce, "Hajiya, ashe haka Allah ya yi ikonsa." Sai na buga ƙofar maƙwabcina, mai haɗa wa mutane wutar sola. Shi ne ya sayo wata mota mai lantarki da yara ke bi da kallo a unguwa, wadda ba ta shan mai, sai caji kamar waya. Ni ban taɓa yaba ta ba. Na sha gaya masa mota da ba ta ƙara ba mota ba ce, keken ɗinki ma ya fi ta mutunci. Ranar nan ban ce komai ba, shi ma bai tuna mini ba. Ya yi mini ta'aziyya da ƙaramar murya, ya ce da shi zai kai mu, to an kira shi asibiti, firjin allurai ya mutu. Ya nuna mini gaba da baya, ya nuna mini lambar batir a allon da ke tsakiyar mota, allo mai faɗin faranti. Ya ce cajin zai kai mu har ya ɗan rage, amma kada in yi yawo. Ya buɗe gaban motar, inda inji ya kamata ya zauna, sai ga rami fanko kamar akwati. Nan na ajiye likkafanin.

Akwai abin da duk mu biyun muka manta. Sati uku da suka wuce, da yake yi mini burga da motar, ya karɓi wayata ya haɗa ta da ita don mu ji karatun Alƙur'ani ta lasifikokinta. Ni malamin tarihi ne, ban tambayi yadda aka yi ba, ban kuma san abin ba ya kwancewa ba.

Inna ta fito da mayafinta da jakar magani. Ta dubi motar sama da ƙasa, ta dube ni.

"Auta, mi ya sami jikin nasa?"

"Jiri ne, Inna. Yaya ya ce yana cigiyarki."

"Alhaji na cigiyata?" Ta yi ɗan murmushi. "Lalle jirin ya kai."

Ta shiga baya ta zauna. Matata ta tsaya a zaure tana ɗaga hannu. Mun shirya ita da yara za su biyo baya a motar haya, don idan aka kwashi gida duka Inna za ta gane. Na danna maɓalli, ban ji komai ba, na zaci ba ta tashi ba. Sai allon ya haska, ga sunana ɓaro-ɓaro a kai, karatun da na tsayar jiya ya ci gaba daga inda ya tsaya, ta ko'ina a cikin motar. Inna ta ce, "Ikon Allah, ta san ka." Ni kuwa ban gama fahimtar abin da hakan ke nufi ba sai da muka wuce kasuwa.

Karatun ya yanke. Wata ƙara ta cika motar, hoton Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Dogon Daji, ya bayyana a allon, babba, da gilashinta da komai. Inna ba ta karanta boko, amma hoto ai ba ya buƙatar karatu.

"Ga goggonka nan. Ɗauka mana."

Na san Goggo. Ba ta fara magana da sallama idan an yi mutuwa, da kuka take farawa. Na ga da'ira biyu a allon, kore da ja, na kai yatsa na danna jar.

"Motar ba ta son a yi waya ana tuƙi, Inna."

"To mi ya sa taka nuna ta?"

Na mayar da ido kan hanya. Kafin mu bar kwalta an kira sau fuɗu: shugaban makarantarmu, wani ɗan ajinmu, surukina, Goggo kuma. Kowane kira sai fuskar mutum ta cika allon, ni kuma in kashe. Wanda bai san ni ba zai ce me ya hana ni kashe wayar gaba ɗaya. Yaya ne ya hana. An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya, ana cewa ya ci gefen wani kwalbati kafin a shiga Kebbe, ya aika mai babur ya dubo, ya ce in bar wayata a buɗe zai gaya mini ko in bi ta can ko in zagaya ta cikin gonaki. Daga baya 'yata ta nuna mini cewa taɓawa ɗaya ake yi a wayar a raba ta da motar. Taɓawa ɗaya! Na yi shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane daulolin da suka shuɗe, ban san wannan ba, kuma ranar ko na sani ban ce zan tuna ba.

Da muka hau burji sai motar ta samu wani sabon surutu. Idan na kauce wa rami ta yi ƙara, idan na matsa gefe don mai babur ya wuce ta yi ƙara, wani lokaci har in ji sitiyarin yana ja da ni kamar akuyar da ba ta son shiga kasuwa. An yi ta ne don hanya mai farin layi, tana neman layi a inda ko kwalta babu. Taswirar da ke allon ta nuna mu a tsakiyar fili fari fat, ba hanya ba gari. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya fara fitar da kai, ruwa kwance a kwaruruka. Na tuna gonar Baba tana can haka, an gama maimai, ba zai ga an yanke ta ba. Idona ya cika. Na ƙifta, na sake ƙiftawa, na sunkuyar da kai kaɗan don kada Inna ta gani ta madubi.

Sai wata murya ta mace ta yi magana da Turanci, a hankali, hoton kofin shayi ya fito a allon. Ashe akwai wani ɗan ido a bayan sitiyari da ke kallon fuskar direba.

"Wacece wagga?" in ji Inna.

"Motar ce."

"Mi tac ce?"

"Wai na gaji, in tsaya in huta."

Inna ta leƙo allon. Can ta ce, "Da safen nan?" Na ji idonta a ƙeyata. Wallahi a lokacin da ina da dutse da na fasa allon nan, in ya so in yi wa mai ita bayani daga baya. Na ɗauko motar nan ne don ba ta da fasinja mai dogon baki, ashe ita kanta ta fi 'yan tasha.

Amma ta ba ni dabara. Na tsaya a gindin wata tsamiya na ce zan kama ruwa. Na zagaya bayan itacen, na ciro waya, na kira Yaya, na kara a kunne. Shiru. Na duba, tana nuna tana shiga. Sai na jiyo ƙarar kiran daga nesa, daga cikin motar, ta tagar da na bari a buɗe. Na kashe da sauri har wayar ta suɓuce ta faɗa cikin ciyawa. Na ɗauka na ƙara nisa, na kutsa cikin geron mutane har raɓa ta jiƙa mini wando, ina ganin in na yi nisa motar za ta sake ni. Ta sake ni kuwa, amma a can babu sabis ko ɗigo. Na tsaya a tsakiyar gonar da ban san mai ita ba, na toshe baki da hula na yi kuka na minti ɗaya, na share fuska da hannun riga na dawo.

"Wa kaka kira?" Inna ta tambaya tun ban rufe ƙofa ba.

"Hannuna ne ya taɓa."

"Hoton wancan na gani." Ba ta kiran sunan Yaya, shi ne ɗan fari. "In jikin ya yi tsanani ka gaya mani, in san addu'ar da nika yi."

"Da sauƙi, Inna."

Ban taɓa yi wa mahaifiyata ƙarya uku a jere ba sai ranar. Na duba agogon allon, goma saura. Lambar batir ta sauka fiye da yadda na zata, don taɓo na cin ta. Na kashe sanyin motar. Yanzu babu abin da ake ji sai tayoyi a kan tsakuwa da ƙwas-ƙwas ɗin carbin Inna. Da tsohuwar motata ce, da ƙarar salansa kaɗai ta ishe mu, ba mai jin numfashin wani. A wannan kuwa ina jin duk lokacin da ta haɗiye yawu.

Mun wuce mararrabar da ake ratsewa zuwa Fakku, muka gangara wani kwari, sai wayar ta samu sabis. Saƙonni suka fara shigowa a jere, kowanne da ƙararsa, layin farko na kowanne yana bayyana a saman allon. Allah ya jiƙan. Allah ya gafarta. Na gode wa Allah da kakana ya ƙi sa 'ya'yansa mata a boko. Sannan fuskar Yaya ta cika allon.

Wannan kiran nake jira, kuma shi ne ba zan iya ɗauka ba. Kwalbatin yana gaba kaɗan. Ina kallon allon, ina lissafin ko in tsaya in sake shiga gona, ban ga garken ba. Shanu ne suka fito daga cikin gero ta hannun dama, wani ɗan maraƙi ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar hanya. Ƙafata ba ta ko motsa ba. Motar ce ta yi wani ihu ta danne birki da kanta, bel ya shaƙe ni a ƙirji, jakar maganin Inna ta zube ƙasa. Maraƙin ya tsaya yana kallonmu, tsakaninsa da gaban motar bai fi kamu ɗaya ba. A gaban nan likkafanin yake.

Na damƙe sitiyari da hannu biyu. Ban san akwai maɓallin amsa waya a ƙarƙashin babban yatsana ba.

"Kuna ina?" Muryar Yaya ta fito ta gaba, ta baya, ta ƙofofi, kamar yana zaune a tsakaninmu. "Kwalbatin na biyuwa, ku biyo ta nan. An yi mashi wanka, an gama ginan kabari, mutane sun cika ƙofar gida. Likkafanin kaɗai aka jira."

Shanun suna ta ratsawa a gabanmu, ɗaya bayan ɗaya. Bafulatanin da ke kiwon su ya ɗaga mini sanda yana ba da haƙuri. Na kasa ɗaga hannu, na kasa juyawa.

"Auta? Kana jina?"

"Muna jin ka," in ji Inna.

Ban taɓa jin Yaya ya rasa abin faɗa ba. Numfashinsa kawai ke fitowa ta lasifika. Can ya ce, "Inna," da irin muryar da ban ji a bakinsa ba tun muna kwana ɗaki ɗaya. Sai sabis ya ɗauke, allon ya koma farar taswirarsa.

Na juya. Tana zaune yadda take, carbin ya tsaya a hannunta, leɓenta na motsi. Ta yi salati, ta yi istirja'i sau uku. Ni ba fuskarta nake kallo ba, hannunta na hagu nake kallo, ina jiran in ga ya saki. Asibitin da take zuwa yana bayanmu da nisa, kuma ban san ko cajin zai kai ba. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Inna, ki yi magana."

"Miƙo mani ƙaramin, farin."

Na durƙusa tsakanin kujeru ina tsintar ƙwayoyin magani a kan shimfiɗar mota. Ta karɓa da hannun hagu. Na lura da hakan, kuma ina jin da gangan ta yi. Ta haɗiye da ruwan gora, ta jingina kai, ta rufe ido. Hawaye na bin gefen hancinta, ba ta share ba. Na ƙirga numfashinta har ashirin.

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ka shiga adakata."

"Na shiga."

"Wane ƙunshi kaɗ ɗauko? Mai baƙin zare ko mai ja?"

Ban san akwai zare ba. Na fita, na buɗe gaban motar, na ɗauko likkafanin. An ɗaure ƙunshin da jan zare, irin na saƙar hula, ya koɗe. Na kawo mata ta taga na nuna.

Ta dube shi ta daɗe. "Wanga nawa ne."

Na dubi allon. Goma da kwata, lambar batir ta koma ruwan ɗorawa. Ko da caji cike ne, zuwa Tambuwal da dawowa ya wuce azahar, kuma ba a ajiye gawa a zafin damina ana jiran yadi. Abu biyu aka aike ni, na ɓata duka biyun. Baba ya yi shekaru yana cewa da abinsa za a rufe shi, yanzu sai a yanko masa yadin kasuwa saboda ni. Na jingina goshi da ƙarfen ƙofar, na ce, "Sai in gaya wa Yaya a aika kanti."

"Kanti?" Ta buɗe ido sosai, muryarta ta dawo irin wadda take korar mu da ita daga bakin rijiya. "Ba ni nan."

Na miƙa mata. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa shi da tafin hannu sau biyu kamar mai lallashin jariri.

"Bokiti guda munka tsoma su, igiya guda munka shanya su. Shi yar riƙe wancan baki, ni wanga. A sa mashi. Shiga ka ja mota, kada ka bar shi yana jira, ka san ba ya son jira."

Na ja. Motar ta ci gaba da ƙorafinta a kan layin da babu, muryar matar nan ta cikin mota ta sake ba ni shawarar shan shayi, ban ƙara jin haushinta ba. Kira ya yi ta shigowa, Inna ta ce in bar su su yi ta yi. Mun haye kwalbatin a hankali, ruwa na gudu ja a ƙarƙashinsa. Da muka shiga unguwarmu mutane ba su ji zuwanmu ba sai da muka tsaya a tsakiyarsu. Mata sun taru a zaure, an shirya wadda za ta tare ta da wadda za ta riƙe ta. Inna ta fito da ƙafarta, ta wuce su, ta miƙa wa Yaya ƙunshin hannu da hannu. Ya ga jan zaren, ya dube ni, don shi ya san bambancin. Ta ce, "Ni na ba shi." Sannan ta shiga ɗakinta, sai a lokacin muka ji muryarta.

Bayan ta fita takaba ta dawo wurina ganin likita. Wata safiya ta kira ni ɗaki, na tarar ta buɗe adakar, ta fito da zannuwa tana sake jera su. Ƙunshi mai baƙin zare yana gefe a kan tabarma. Na ce ko in samo jan zare a canza masa, tunda yanzu nata ne. Ta ce in bar shi yadda mai shi ya ɗaure. Ta mayar da shi, amma ba ƙasa ba, a sama ta ɗora shi, inda hannu zai fara tararwa.

"Ka gani dai, Auta," ta ce, tana rufe murfin. "Ran da anka aiko ka ɗaukar nawa, ko kai ba za ka ɓata ba. Guda ɗai ya rage."